Ta Wace Ƙofa Cuta Ke Shiga Jiki?

A cibiyar lafiya kuna yawan jin muna cewa yaro ya kamu da ƙwayar cuta. A layin ruwa ana cewa ku wanke jarka saboda ƙwayoyin cuta, a bakin masai an rataye sabulu, shi ma saboda su. Mutane da yawa suna bin maganar ne don ma'aikata sun faɗa, amma a zuci suna tambaya: wai mece ce wannan ƙwaya da ba wanda ya taɓa sa ta a ido, kuma yaya aka yi ta shiga jikin ɗana alhali ina iya ƙoƙarina a kansa? Tambayar tana kan hanya, kuma ya kamata a amsa ta dalla-dalla. Yanzu bazara muke ciki, damina na tafe, kuma a nan Showak da sauran sassan jihar Gadarif daga yanzu har zuwa kaka ne cututtuka suka fi samun hanyar shiga mutane.

Mece ce ƙwayar cuta?

Halitta ce ƙanƙanuwa ƙwarai, wadda ido ba ya gani sai an sa madubin likita. In aka jera guda 1,000 na wadda ke kawo kwalara, da ƙyar su kai tsawon ƙwayar riɗi ɗaya. Ruwan da kuka ɗebo a moɗa zai iya zama garau, ba launi ba wari, alhali yana ɗauke da dubbansu. Shi ya sa ɗan Adam ya daɗe bai san da su ba. Wani mai sayar da yadi a ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, shi ne ya fara ganin su ta gilashin da ya gyara da kansa a shekarun 1670, amma sai da aka ƙara wajen shekara 200 kafin masana irin su Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus su tabbatar cewa kowace cuta mai yaɗuwa da tata ƙwayar. Koch ne ya gano ta tarin fuka a 1882.

Su ma iri-iri ne. Akwai waɗanda likitoci ke kira bakteriya, su ke kawo kwalara da taifot da tarin fuka da sarƙe-haƙora. Akwai bairos, wanda ya fi su ƙanƙanta nesa ba kusa ba, kuma ba ya iya hayayyafa sai ya kutsa cikin ƙwayoyin halittar jikin mutum ya mai da su gidan haihuwarsa. Shi ke kawo ƙyanda da mura da shan inna da zazzaɓin dengi da ciwon hanta mai sa shawara. Akwai wasu da suka ɗan fi girma, masu zama cikin jini ko hanta ko saifa, kamar na zazzaɓin cizon sauro da na kala-azar. Sai dangin funfuna masu kawo makero da ƙora, sai tsutsotsi irin na ciki da na tsargiya. Amfanin sanin wannan bambanci zai fito in mun zo maganar magani.

Kada a ɗauka duk ƙananan halittun nan abokan gaba ne. Su ke sa madara ta zama nono, su ke sa kullun kisra da na koko yin tsami, kuma a hanjin kowannenmu akwai su ba adadi suna taya mu narkar da abinci. Masu cutarwa kaɗan ne a cikinsu. Haka nan akwai ciwuka da yawa da ba a ɗauka daga wani: hawan jini, ciwon sukari, farfaɗiya, amosanin jini, tamowa. Babu dalilin ware wa mai irin waɗannan kwano ko hana yara zama kusa da shi.

Me ake nufi da kamuwa?

Kamuwa ita ce ƙwayar cuta ta samu ƙofa ta shiga jiki, ta samu wurin zama, sannan ta fara hayayyafa. Kafin ta shiga, ba a kamu ba. A ɗauki mutumin da ya fito daga masai da ƙwayar kwalara a yatsunsa. Har zuwa lokacin lafiyarsa ƙalau, domin ƙwayar ba ta iya huda fata. In ya wanke hannu da sabulu, magana ta ƙare a nan. In kuwa ya zauna ya sa hannu a akushi, ƙwayar ta samu ƙofarta, a wurinsa da wurin duk wanda suka ci tare.

Da zarar ta samu ɗumi da danshi da abinci sai ta hau rabuwa: ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Wasu bakteriya, in wuri ya yi musu daɗi, suna rabuwa duk bayan minti 20. Ku lissafa da kanku: cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. Abin da ke faruwa ke nan a sauran miya ko tuwon da aka bari cikin zafin bazara tun safe har yamma, shi ya sa muke cewa a sake tafasa shi sosai kafin a ba yara. A jikin mutum ba su cika yin saurin haka ba, don jiki yana yaƙar su, amma hanyar ɗaya ce.

Yadda suke jawo ciwon kuma ya bambanta. Ƙwayar kwalara tana manne wa bangon hanji ta saki guba, gubar ta sa hanji ya riƙa zubar da ruwan jiki ba ƙaƙƙautawa. Ta zazzaɓin cizon sauro a hanta take fara sauka, ta hayayyafa a can shiru, sannan ta fito ta shiga jajayen ƙwayoyin jini tana fasa su. Dalilin ke nan da jinin yaro ke ƙarewa, tafin hannunsa ya yi fari.

Tazarar da ke ruɗa mutane

A nan yawancin ruɗani yake. Ranar da ƙwaya ta shiga daban, ranar da aka kwanta daban. Tsakanin biyun akwai kwanaki, wani lokaci watanni, da mutum ke harkokinsa bai san komai ba. Kwalara ce mai gaggawa, daga awa 12 zuwa kwana 5. Zazzaɓin dengi kwana 4 zuwa 10 bayan cizo. Zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda wajen kwana 10 zuwa mako 2. Ciwon hanta na gurɓataccen ruwa, wanda likitoci ke kira nau'in E, yakan ɗauki mako 5 ko 6, har ya kai mako 10. Kala-azar yakan yi wata 2 zuwa 6 a ɓoye. Tarin fuka kuwa na iya kwanciya shekaru a ƙirjin mutum, sai ranar da yunwa ko wani ciwo ya raunana mai shi sannan ya tashi.

Mutum in ya kwanta, abin da ya faru jiya yake tunawa. Sai a ce mangwaron da yaro ya sha ne, ko ranar da ya shiga, ko sanyin asuba, ko abincin da maƙwabciya ta kawo. Mun sha ganin maƙwabtaka ta lalace a kan haka, ana zargin wata da baki ko da sammu, alhali ruwan da aka sha wata guda da ya wuce ne ya kawo shawarar, a wurin da wataƙila ma an riga an baro shi. Ga iyalan da suka yi makonni a hanya daga Khartum ko Wad Madani ko Sinnar, suna shan abin da suka samu, suna kwana inda dare ya yi musu, ba abin mamaki ba ne ciwo ya bayyana bayan an sauka an huta. Saboda haka ne ma'aikacin lafiya ke tambayar ku yaushe kuka iso, ina kuka kwana, wane ruwa kuka sha. Ƙofar da cutar ta bi yake nema, don ya san abin da zai gwada.

Tazarar nan tana da wata fuska da ta fi haɗari. Mutum na iya yaɗa cuta kafin ya san yana da ita, ko ma har ya rabu da ita bai taɓa sani ba. Yaro mai ƙyanda yana yaɗa ta tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito. Yawancin waɗanda ƙwayar kwalara ta shiga ba sa gudawa, ko su yi 'yar kaɗan ta wuce, amma ƙwayar na fita a bayan gidansu har kwana 10. Ke nan wanke hannu da shiga masai ya hau kan mai lafiya kamar yadda ya hau kan marar lafiya. Kashin jariri ma, wanda iyaye da yawa ke ɗauka ba shi da illa, yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. A zuba shi a masai, a wanke hannu da sabulu bayan an yi wa yaro tsarki.

Ruwa da yatsu

Baki shi ne ƙofar da ta fi cin mutane a duk inda jama'a suka taru a ƙaramin fili. Hanyar ba ta da daɗin faɗa, amma dole a faɗe ta: kashin wani ne ke kaiwa bakin wani, ɗan mitsitsi da ba a gani, ta ruwa, ta yatsu, ta ƙafar ƙuda, ta ganye ko tumatirin da ba a wanke ba. Kwalara, taifot, atuni, shan inna, tsutsar ciki da ciwon hanta nau'in A da E duk ta nan suke bi.

Jihar nan ta ga haka ba da daɗewa ba. A daminar 2021 ciwon hanta nau'in E ya ɓulla a sansanonin Um Rakuba da Tunaidba, inda aka sauke waɗanda suka gudo daga yaƙin Tigray. Ranar 26 ga Satumba 2023 Ma'aikatar Lafiya ta Sudan ta sanar da ɓarkewar kwalara a Gadarif. A Agustan 2024 aka sake sanar da ita, ta kama Kassala da Gadarif, ta bazu wasu jihohi. Ku lura, duka ukun a damina ne. Ruwan sama in ya sauka a wannan baƙar ƙasa ta laka ba ya nutsewa da wuri. Malala yake yi, ya kwashe abin da aka yi a fili, ya cika masai har ya tumbatsa, ya kai komai cikin kwari da hafir da kogin Atbara.

An daɗe da gane wannan hanya, tun ma kafin a yarda da maganar ƙwayoyin cuta. A 1854 kwalara ta kashe mutum sama da 600 a wata unguwa ta birnin Landan, a lokacin da yawancin mutane ke ɗauka mugun wari ne a iska ke kawo ta. Wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana tambayar inda mamatan ke ɗiban ruwa, ya tarar yawancinsu famfo ɗaya suke sha, famfon da mutane ke yabon daɗin ruwansa. Aka cire hannun famfon. Daga baya aka gano wani ramin ƙazanta ne dab da rijiyar ke yoyo a cikinta.

Ruwa mai kyau ma yana lalacewa bayan an ɗebo shi, kuma a ganinmu a nan aka fi sakaci. Tanki na iya zama da kulorin yadda ya kamata, amma cikin jarka ya yi kore, ko gangar mai karon jaki ta daɗe ba a wanke ta ba, ko kowa na tsoma moɗa da hannunsa a randa, yara da manya. A rufe randa, a ware mata moɗa mai dogon mariƙi da ba a sha da ita, ko a riƙa tsiyayowa daga jarka mai ƙaramin baki. Ruwan kogi ko na hafir a bar shi ya kwanta, a tace, sannan a tafasa shi sosai, ko a sa ƙwayar kulorin gwargwadon yadda aka nuna muku a jira minti 30. Tacewa da ƙyalle tana cire laka, amma ƙwayoyin cuta da yawa suna wucewa. Mun san wasu ba sa son warin kulorin. Ɗan warin nan shi ne shaidar cewa maganin na aiki har yanzu.

Wanda gudawa ta kama, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi, kuma kwalara na iya yin haka cikin awoyi. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari tun a tanti, a ci gaba da ba shi a kan hanyar zuwa cibiya. In babu na leda, a haɗa da hannu: lita 1 ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, rabin cokalin shayi na gishiri. Jariri a ci gaba da ba shi mama. In aka samu kulawa a kan lokaci, waɗanda kwalara ke kashewa ba sa kai 1 cikin 100. Mai ciki kuwa, in idonta ya yi rawaya ko fitsarinta ya yi duhu kamar shayi, a kawo ta a ranar. Ciwon hanta nau'in E yakan wuce da kansa ga yawancin mutane, amma ga mai ciki a watanni ukun ƙarshe yana iya kashe 1 cikin 4 ko 5. Gawar wanda kwalara ta kashe ma tana ɗauke da ƙwayar. Shi ya sa muke roƙon a sanar da ma'aikata kafin wanka, a yi shi da safar hannu da ruwan kulorin, kuma waɗanda suka yi wankan kada su sa hannu a girkin zaman makoki.

Iskar tanti

Ƙofa ta biyu hanci ce. Mai tari ko atishawa yana fesa ƙananan ɗigo da ke shawagi a iska, na kusa ya shaƙa. Ƙyanda ce gwanar wannan hanya: ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa 2 bayan mai ita ya fita, kuma cikin yara 10 da ba a yi wa allura ba, 9 za su kamu in sun zauna da shi. Tarin fuka ya fi jinkiri, yawanci sai an daɗe ana kwana wuri ɗaya. Sanƙarau da mashaƙo da tarin shiƙa da ciwon huhu duk ta nan ne.

Ba za mu ce wa iyalin da ke cushe a tanti ɗaya ko ajin makaranta ɗaya su ba juna tazara ba, mun san ba zai yiwu ba. Abin da zai yiwu shi ne a ɗage gefen tanti da rana iska ta ratsa, mai tari ya rufe baki da gefen mayafi ko gwiwar hannu, a daina tofar da kaki inda yara ke wasa, kuma tarin da ya wuce mako 2 a zo a gwada shi. Maganin tarin fuka wata 6 ne, kuma wanda ya fara sha yadda ya kamata, cikin 'yan makonni haɗarin da yake yi wa iyalinsa yana raguwa ƙwarai. Ga ƙyanda, allurar rigakafi ce ke tare ƙofar.

Cizon ƙwari, da kala-azar

Fata katanga ce mai ƙarfi, yawancin ƙwayoyin cuta ba sa iya ƙetare ta sai an buɗe musu. Ƙwari masu cizo na daga cikin masu buɗewar. Sauron zazzaɓi da dare yake cizo, wannan kowa ya sani. Na dengi, mai zanen fari da baƙi, da rana yake nasa, kuma a ruwa mai tsabta yake ƙwai: ganga, randa, tsohuwar taya, gwangwani. Zazzaɓin dengi ya kwantar da mutane da yawa a Gadarif a 2023. A juye mazubin ruwa a goge cikinsa sau ɗaya a mako, kafin 'ya'yan sauron su yi fiffike.

Kala-azar za mu ɗan daɗe a kansa, domin da yawa daga cikin waɗanda suka zo daga nesa ba su san shi ba, alhali jihar Gadarif ce cibiyarsa a Sudan, musamman ƙauyukan da ke bin kogin Atbara da na Rahad. Mai kawo shi wani ɗan ƙwaro ne mai gashi-gashi, launin ƙasa, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin uku na girman sauro ba. Ba ya kuka a kunne, kuma tashinsa kamar tsalle-tsalle ne. Yana son baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, da wuraren da itacen talha da aduwa suka yi yawa. Ya fi yawa daga Maris zuwa Yuni, wato yanzu, lokacin da zafi ke fitar da kowa kwana a waje, kuma daga faɗuwar rana yake cizo. Ruwan sama in ya kankama sai ya ɓace, kowa ya manta da shi. Ƙwayar da ya bari kuwa tana nan. Abin mamakinta shi ne, fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu su haɗiye baƙo su kashe shi, a cikinsu take zama ta hayayyafa, har ta cika saifa da hanta da ɓargo. Sai wajen kaka ko lokacin sanyi yaro ya fara zazzaɓin da ba ya sauka.

Alamominsa su ne zazzaɓin da ya wuce mako 2, rama, fari na ƙarancin jini, da kumburin ciki ta ɓangaren hagu saboda saifa ta girma, wani lokaci har da haɓo. Sau da yawa ana ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, a sha magani sau biyu sau uku ba sauƙi. Wasu su kai yaro a yi masa tsaga ko a ɗana masa ƙarfe mai zafi a kan saifar. Wannan ba ya taɓa ƙwayar ko kaɗan, sabuwar ƙofa kawai yake buɗe wa wasu a jikin da ya riga ya raunana. In ba a yi magani ba, kala-azar yana kashe fiye da 9 cikin 10 na waɗanda ya kwantar. In an yi, yawancinsu suna warkewa. Gwajin farko ɗigon jini ne daga yatsa, maganin kuma ga yawancin marasa lafiya allurai ne na kwana 17. Wasu bayan sun warke ƙuraje ko tabo kan fito musu a fuska. Ba kuturta ba ce, a kawo su a duba. Kafin nan, a kwana cikin gidan sauro mai magani ko da a waje aka yi shimfiɗa, a cusa gefensa ƙarƙashin tabarma, a ɗinke duk wata huda don ƙwaron ƙanƙane ne. Yara su sa tufa mai rufe hannu da ƙafa da yamma, kada a yi shimfiɗa ƙarƙashin itatuwan nan, kuma masu fita aikin gona ko saran itace da za su kwana a daji su tafi da gidan sauronsu.

Rauni ma ƙofa ne, komai ƙanƙantarsa: ƙaya, ƙusa, kaifin gwangwani. Ƙwayar sarƙe-haƙora tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi shekara da shekaru, ba a ɗaukar ta daga mutum, rauni take jira. Ga jariri cibiya ce ƙofarta, ta hanyar tsohuwar reza, ko toka, ko kashin shanu, ko kwallin da aka shafa. Jaririn da ya fara shan mama lafiya sannan ya kasa kamawa a makon farko ko na biyu, jikinsa na sandarewa, maganar gaggawa ce. Allurar da ake yi wa mai ciki a wurin awo tana kare su biyun. Akwai kuma ciwon da mutanen Sudan ke kira nabit, wanda ƙaya ke shigar da ƙwayarsa cikin ƙafa: kumburi marar zafi da ke girma a hankali, yana fitar da ruwa da 'yan tsaba-tsaba, in aka makara sai an yanke ƙafar. Takalmi, ko silifa ne, ya fi babu. Kowane rauni a wanke shi nan take da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe. Cizon kare a wanke shi minti 15 cur, a zo a ranar, kada a tsaya ganin halin karen.

Tsargiya kuwa da kanta take huda lafiyayyar fata. 'Ya'yanta na fitowa daga dodon koɗi a ruwan da ba ya gudu sosai, irin na magudanan noman rani, su shiga jikin mai wanka ko wanki. Fitsarin jini ga yaro ciwo ne mai magani, ba alamar balaga ba. Ciwon hanta nau'in B da ƙanjamau ta jini suke bi, da saduwa, da daga uwa zuwa jariri; ba sa bi ta kwano ko gaisawa ko cizon sauro. Aska da reza da allura kowa da tasa, ko a sa sabuwa, kuma a faɗa wa wanzami haka ba kunya.

Me ya sa wani ya kwanta, wani bai kwanta ba?

Jiki ba a zaune yake ba. Majina na kama ƙura da ƙwayoyi a hanci, hawaye na wanke ido, ruwan tsami na ciki yana ƙone yawancin abin da aka haɗiye. Waɗanda suka tsallake sai su gamu da fararen ƙwayoyin jini. Zazzaɓi, kumburi, kaluluwa da mugunya duk alamun wannan faɗa ne. Jiki kuma yana tuna wanda ya taɓa yaƙa, shi ya sa wanda ya yi ƙyanda ba ya sake yi. Da wannan tunawar allurar rigakafi ke aiki: ana nuna wa jiki ƙwayar da aka kashe ko aka raunana, ko wani ɓangare nata, ya san kamanninta tun kafin ta gaskiyar ta zo. Ɗan zazzaɓin da yaro kan yi bayan allura na wannan koyon ne. A Nuwamban 2024 Sudan ta fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga jarirai, kuma da jihohin Gadarif da Nil al-Azrak aka fara. Tana rage haɗari, amma ba ta ɗauke wa kowa gidan sauro ba. In katin allurar yaro ya ɓace a gudu, a kawo yaron haka nan.

Mutum biyu kan sha ruwa ɗaya, ɗaya ya kwanta ɗaya ya tsira. Yawan ƙwayar da ta shiga yana da tasiri, ƙarfin garkuwar jiki ma haka. Yunwa ce babbar mai karya garkuwa: yaro mai tamowa gudawa ko ƙyanda ta fi saurin kayar da shi, ciwon kuma ya ƙara masa tamowa. Jarirai, masu ciki, tsofaffi da masu ciwon sukari su ma garkuwarsu ba ta kai ta sauran ba. Jariri a wata 6 na farko mama zalla ta ishe shi ko da ana zafin bazara, domin tana da ruwan da yake buƙata, tana kuma ɗauke da garkuwar uwarsa. Ruwan da ake ɗura masa don tausayi shi ke kai masa gudawa. Kuma inda iyalai da yawa suka haɗa masai ɗaya da famfo ɗaya, uwa mafi tsabta ma ɗanta na iya kamuwa. Ba abin kunya ba ne, don haka kada a ɓoye marar lafiya a tanti don gudun surutu.

Kowane iri da maganinsa

Kafson da ake kira antibayotik don bakteriya aka yi shi. Ba ya taɓa bairos na mura ko ƙyanda ko dengi ko shawara, kuma wanda ake saya a tebur a kasuwa ba ya warkar da zazzaɓin cizon sauro ko kala-azar. Dalilin ke nan da muke gwaji kafin mu ba da magani, da kuma dalilin da wani lokaci muke cewa wannan ciwo ba na kafso ba ne, ruwa da abinci da hutu yake so. In an ba ku, a sha yadda aka faɗa har kwanakin su cika, kada a raba da maƙwabci ko a ajiye saura don wata rana. Shan sa barkatai yana kashe raunanan ƙwayoyi ya bar masu taurin kai, su hayayyafa, gobe maganin ya daina cin su. In ana zargin dengi, farasitamol kaɗai za a sha. Asfirin da burufen suna iya jawo zubar jini.

Akwai alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: yaro ya kasa sha ko kama mama, yana amayar da komai, yana jijjiga, ko barci ya yi masa nauyi har ana tashinsa da ƙyar, numfashi da sauri ko ƙirji na lotsawa, ido ya zurma, gudawa mai kama da ruwan wankin shinkafa, wuya ya sandare, jini daga hanci ko dadashi tare da zazzaɓi, jaririn da bai kai wata 2 ba da zazzaɓi ko jikinsa ya yi sanyi, mai jego da zazzaɓi ko jini mai wari, rauni mai ja da kumburi da ke bazuwa. In kun ga ɗaya daga cikinsu ku zo cibiya, dare ko rana, da katin yaron in yana nan, da kwalin duk maganin da aka riga aka ba shi.